Guzurin Shiga Kufai: Daga Salkar Fatake Zuwa Wayar Hannu a Ƙasar Illela

Bahaushe ya raba wurin da mutane suka tashi suka bari gida biyu. Idan ɗaki ne ko gida wanda rufinsa ya rufta, bango ya saura a tsaye, sai ya ce kango. Idan kuwa gari ne sukutum aka watse daga cikinsa, har ƙasa ta fara haɗiye shi, sai ya ce kufai. Marubutanmu na labaran jarumta suna son waɗannan wurare biyu ainun, kuma mu masu karatu muna biye musu. Sai ka ga jarumi ya shiga kufan wani tsohon birni da takobi kaɗai a hannu, ya kwana bakwai yana artabu da aljanu, bai taɓa jin ƙishirwa ba, ƙaya ba ta taɓa sukarsa ba, kuma ba a taɓa gaya mana a cikin me ya zuba guzurinsa ba. A labari wannan ba laifi. Amma duk wanda ya taɓa taka kufai na gaske da ƙafarsa ya san cewa abin da ya rataya a kafaɗa shi ke yanke hukuncin ko zai ga wurin da kyau, ko kuwa zai juyo tun rana ba ta take ba.

A ƙasashen Turai da Amurka shiga kangaye ya zama abin sha'awa mai zaman kansa. Matasa kan kutsa tsofaffin masana'antun birnin Detroit, ko garin Pripyat na Yukiren wanda aka kwashe mutanensa bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, su ɗauki hotuna, su yi ta muhawara a kan irin takalmi da irin tocilar da ta fi dacewa. Mu namu kufaifan sun girmi nasu da ɗaruruwan shekaru, kuma tarihin kayan da aka riƙa ɗauka zuwa cikinsu ya fi nasu daɗin ji. Babu kuma inda ya fi dacewa mutum ya tsaya ya duba wannan tarihi kamar Illela.

Dalili kuwa shi ne, wanda ya tsaya a tashar Illela yana tsakiyar kufaifai ne ta kowace fuska. Garin yana kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, a kan titin da ya bi ta Kware da Gwadabawa, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Kudu da shi, a ƙasar Gwadabawa kusa da Cimmola, akwai Ɗagel, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar. Yamma akwai Gudu da Tafkin Kwatto, inda aka gwabza a watan Yunin 1804. Gabas, a ƙasar Sabon Birni, gefen gulbin Rima, akwai Alƙalawa, hedikwatar Gobir wadda aka ci a watan Oktoban 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Idan aka ƙetara iyaka aka nufi Galmi, akwai Maratta, mahaifar Shehu, kuma can gaba wajen Dakoro akwai Birnin Lalle, inda Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kudu. Kudu maso yamma kuma, tsakanin Binji da Silame, ga Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, wanda aka gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, aka kuma tashi daga cikinsa a farkon ƙarni na 18.

Kafin a zo ga masu shiga, ya kamata a fara da masu fita, domin kayan da mutum ya zaɓa ranar da zai bar gidansa har abada su ne ke nuna abin da ya fi daraja a wurinsa. A watan Fabrairun 1804 jama'ar Shehu suka tashi daga Ɗagel zuwa Gudu. An bar ɗakuna, an bar rumbuna, an bar kaburburan iyaye, har da na mahaifin Shehu. Abin da aka ruwaito an fi kula da shi shi ne littattafai, waɗanda aka ɗora a kan raƙuma da taimakon wani malami Buzu mai suna Agali. Wato tun ranar farko, abin da ya fi tsada a Ɗagel ya riga ya fita daga cikinta a cikin gafaka. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin duk wani mai mafarkin cewa akwai tukwanen zinariya binne a irin waɗannan wurare. Mutanen da suka sami damar tashi da ƙafarsu ba su bar abin kirki a baya ba, waɗanda aka ci da yaƙi kuwa, mayaƙa sun riga kowa.

Waɗanda suka fara ratsa kufaifai bayan an watse su ne fatake da mafarauta da makiyaya, kuma ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Kufai yana da abubuwa biyu da matafiyi ke nema, inuwa da alamar ruwa. Inda duk ka hango kukoki sun yi cincirindo a fili, ga tsamiya ga marke, to da wuya in ba mutane ne suka taɓa zama a wurin ba, kuma inda aka zauna akwai tsohuwar rijiya ko tafki a kusa. Saboda haka kayan bafatake su ne kayan shiga kufai na asali, kuma idan ka dube su ɗaya bayan ɗaya za ka ga babu wanda aka ɗauka don ado.

Na farko salka. Fatar akuya ce ake feɗewa ba tare da an tsaga cikin ba, a jeme, a ɗinke ƙafafu, a bar wuya ya zama baki. Hikimarta ita ce tana tsattsafo kaɗan-kaɗan, iska na busar da jiƙon, ruwan ciki na yin sanyi. Ga shi kuma idan ruwan ya ragu nauyi da girma duk sun ragu, saɓanin tulu. Akan rataya ta a ƙarƙashin cikin jaki, inda inuwar dabbar ke kare ta. Wanda ba shi da dabba sai ya riƙe gyanɗama. Direbobin da ke bin hanyar Ƙwanni zuwa Tawa da Agadas sun gaji wannan dabara, domin jarkar nan da suke naɗewa da buhu su jiƙa su rataya a jikin mota, salka ce aka yi wa sabuwar riga. Bayan ruwa sai guga da igiya, saboda rijiya ba ta da amfani ga wanda ba zai iya kaiwa ga ruwanta ba.

Na biyu sanda. Mutumin birni yana ganin sandar makiyayi kamar makami ce kawai, alhali ita ce idon ƙafarsa. Da ita ake kaɗa ciyawa kafin a taka, da ita ake dungurar ƙasa a ji ko akwai rami a ƙarƙashi. Tsohon birnin Hausa cike yake da ramuka: rijiyoyin da bakinsu ya toshe da yayi da rairayi, rijiyoyin marina, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, ga kuma ramukan gara da na dila. Sai wuƙa a ɗamara, da ƙyastu da ƙanƙara da ɗan auduga a cikin zabira don kunna wuta, da wani ƙaramin abu da matasan yanzu da yawa ba su ma san sunansa ba, wato matsefata, wadda ake cire ƙaya da ita. Kada mai karatu ya raina ta. Ƙasar Gobir da Adar ƙasar ƙarangiya ce da tsidau da ƙayar aduwa, kuma ƙaya guda a tafin ƙafa ta isa ta tsayar da ƙato.

Guzurin ci kuwa duk busasshe ne, wanda rana ba ta lalatawa: ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, dakuwa, cukun Buzaye, da garin gero da za a dama. Goro yana aiki biyu, yana kashe yunwa da barci, yana kuma buɗe bakin mai gari. Duk wannan akan zuba a burgami a rataya, manyan kaya kuma a taiki ko mangala a bayan jaki. Abin lura a nan shi ne yadda ake raba kayan. Abin da rai ya dogara da shi yana jikin mutum, abin sayarwa yana kan dabba. In jaki ya ɓalle ko mahara suka kore shi, an yi asarar dukiya amma ba a rasa wuƙa da wuta da ɗan ruwa ba.

Turawan farko da suka shigo wannan ƙasa sun zo da wasu irin kaya na daban, amma ƙasar ta koya musu karatun salka. Hugh Clapperton, wanda aka riƙa kira Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. A cikin kayansa akwai madubin hangen nesa da kamfas da na'urar auna tsayin rana da taurari, kuma ya rubuta yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dudduba su, yana ambaton sunayen taurari da Larabci. Sai dai kafin ya kai ga wannan zama, sai da ya ratsa dajin Gundumi, tsakanin Zamfara da Sakkwato, inda ayari ke tafiya ba tsayawa saboda tsoron Gobirawa, kuma ƙishirwa ta kusa halaka mutanensa. Bayan shekara 29, a 1853, Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya bi ta dajin nan, ya kuma rubuta cewa sun yi tafiyar awa 26 ba tare da sun yada zango ba. Duk na'urorin da ke cikin akwatunansu ba su rage musu ko taki ɗaya ba.

Amma Barth ya zo da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Babban makaminsa shi ne agogo da kamfas da ƙananan littattafan rubutu. Yana tafe a kan doki yana duba alƙibla, yana duba lokaci, yana rubuta sunan kowane ƙauye da kowane kufai da aka nuna masa, da abin da abokan tafiya suka ce game da shi. Da ya sauka Wurno ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ya kuma karanta Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Ɗanfodiyo. Kayan aikinsa na gaskiya ba su fi a zuba su a aljihun riga ba, amma har yau masana tarihinmu suna komawa ga abin da ya bari. Clapperton kuwa ya dawo a karo na biyu, ajali ya same shi a Sakkwato a watan Afrilun 1827, kuma da ba don baransa Richard Lander ya ɗauki takardunsa ya kai Ingila ba, da labarin tafiyar ya bi shi kabari.

Yanzu sai mu zo ga ayarin da ya fi kowane nauyin kaya, wanda kuma shi bai zo kallon kufai ba, ya zo ne ya ƙirƙire su. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka shata iyaka a takarda. Suka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, na waje na Faransa. Waɗanda suka yi zanen ba su san inda rijiya take ba. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Chadi, da ɗaruruwan sojoji da ɗaruruwan 'yan alaro waɗanda aka kamo da ƙarfi, ga mata ga dabbobin ganima, ayarin yana ƙara kumbura kullum. Irin wannan taro yakan shanye rijiyar gari a yini ɗaya. Da suka ga bin bayan bakan nan ƙishirwa ce, sai suka yanko kudu ta cikin garuruwa. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, labarin da Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim ɗinsa a 1986. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙwanni, maƙwabciyar Illela, suka yi kisan da har yau jikokin mutanen garin ke ba da labarinsa. Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da su, bai buƙaci jagora ba, ƙonannun garuruwa da rijiyoyin da aka cika da gawa kawai ya riƙa bi, har Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yulin 1899 a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet.

Ƙwanni ta sake tashi, amma maganar ruwan ba ta mutu ba. Faransa ta ci gaba da kukan cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, har aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka janyo iyakar kudu. A nan ne Ƙwanni, wadda da take cikin bakan Ingila, ta koma hannun Faransa. Ke nan zaman Illela a bakin iyaka, da kwastan ɗinta da kasuwarta ta Lahadi da duk hada-hadar da ta biyo baya, asalinsa lissafin salka ne, wato nisan da sojan Faransa zai iya yi tsakanin rijiya da rijiya.

Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta bi iyakar tana kafa alamomi, Kyaftin Tilho a ɓangaren Faransa, Manjo O'Shee a ɓangaren Ingila. Su ma sun zo da 'yan alaro da akwatunan na'urorin awo da agoguna. Amma a cikin tawagar Tilho akwai wani tafinta mai suna Landeroin wanda ya ji Hausa, kuma aikinsa shi ne ya zauna da sarakuna da tsofaffi ya rubuta abin da suka sani. Daga littattafan rubutunsa aka sami bayanai a kan Gobir da Ƙwanni da Adar da Maraɗi da Damagaram waɗanda masu bincike ke amfani da su har yanzu, kuma shi da Tilho suka buga nahawu da ƙamus na Hausa. Ɗan mulkin mallaka ne, bai kuma zo don amfaninmu ba, wannan babu musu. Sai dai tsofaffin da ya zauna da su sun ga ƙarni na 19 da idonsu, kuma shi ne ya zo da takarda.

Daga baya namu suka karɓa. Waziri Junaidu, Allah ya ji ƙansa, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya tara rubuce-rubucen da Murray Last ya dogara da su wajen littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. A Nijar, Djibo Hamani ya yi irin wannan aiki a kan Adar. A 1964 gwamnati ta ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka sanya ta a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Kayan masu bincike na wannan zamani su ne rikoda da kaset da batir, da kyamara mai fim, da ma'aunin tef, da fitilar ƙwai don kwanan ƙauye.

A daidai lokacin ne kuma wasu suka fara zuwa da diga da shebur da buhu. A yankin Bura na Nijar an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, masanin nan Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, amma da aka baje kolin kayan a Turai suka yi suna, sai mahaƙa suka far wa yankin. Haka aka yi wa mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Sakkwato da Katsina da Kwatarkwashi, waɗanda akasarinsu dillalan Turai suka san su kafin jami'o'inmu. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sanya na Bura da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Garin iyaka kamar Illela ya san yadda kaya ke ƙetarawa, ba sai an yi dogon bayani ba. Asarar kuma ta wuce ta abin da aka ɗauke. Tukunyar da ke kwance a mazauninta tana gaya wa masani zurfin da take, da abin da ke kusa da ita, da gawayin da za a auna a san shekarunta. Da zarar an cire ta an jefa a buhu, ta zama kurma. Tun bayan da haƙar zinariya ta ɓarke a Jado a 2014, na'urar gano ƙarfe ta yawaita a hannun matasa, ita ma ta shiga wannan sahu. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ta hana tono ba izini, ta kuma hana fitar da irin waɗannan kaya. Saboda haka diga da waccan na'ura ba sa cikin guzurin mai zuwa kallo, kuma mutanen ƙauye suna da gaskiya idan suka gan su a hannun baƙo suka tsare shi da tambaya.

To, wanda yake son ya je ya gani a yau, me zai ɗauka? Ni a ganina ya ɗauki tsarin bafatake ya sauya kayan kawai. Ya fara da zaɓar lokaci, domin lokaci ma guzuri ne. Da damina kufai gona ne, tunda ƙasar da aka daɗe ana zama a kai ta fi taki, kuma gero zai rufe duk abin da ya je gani. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Bayan an gama girbi, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ƙasa ke tsirara, tudun ganuwa ya fito, katangar tukwane ta bayyana. Ya fita da sassafe, domin hasken hantsi da ke zuwa a karkace ya fi nuna tudu da kwari. Tsofaffi kan hana shiga kufai da tsakar rana da kuma almuru, su ce lokacin mutanen ɓoye ne. Ko mutum bai tsaya a kan wannan ba, ai ya san na farko lokacin bugun rana ne, na biyu lokacin fitowar maciji.

Ruwa lita 4 ga mutum ɗaya a rabin yini ba almubazzaranci ba ne, kuma kowace lita kilo guda ce, don haka ruwan ne zai zama mafi nauyi a jaka. A raba shi gora biyu ko uku, in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba, a sa shi ya jingina da baya. A haɗa da ƙullin gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda, ga wanda zufa ta tsiyaye. Jakar ta zama ta goyo, saboda hannu biyu suna da aiki, ɗaya sanda ɗaya dafa ƙasa.

Takalmi shi ne inda matasa suka fi kuskure. Silifas da fade na zaure ne. Ana bukatar rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa wanda ya haura idon sawu, da dogon wando mai kauri. Kububuwa ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tana son tsakanin duwatsu, irin su ganuwar Surame, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Ita ce ta fi kashe mutane a cikin macizan wannan yanki namu. Ga kasa, ga gamsheƙa, ga kunama a ƙarƙashin kowane dutse. Kada a zura hannu a rami ko a kogon kuka, inda ƙudan zuma ma kan yi gida. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Wannan ya sa tun kafin a tashi ya kamata a san wane asibiti ne, a kuma bar mai babur yana jira da mai a tanki.

Wanda zai shiga kango kuwa, kamar tsohon bariki ko tsohon gidan sarauta, haɗarinsa daga sama yake. Gara kan cinye azara ta ciki ta bar bayanta lafiya lau. A ɗaga tocila a duba rufi kafin a sa ƙafa, a sa takunkumi saboda ƙurar kashin jemage tana kawo ciwon huhu. Tocilar goshi ta fi ta hannu, kuma kada a dogara da ta waya. Tsohuwar rijiya kuwa a leƙa daga nesa a wuce, iskar da ke ƙasanta kan kashe mutum kafin ya yi ihu, sannan ta kashe wanda ya shiga ceto.

Waya ta haɗa agogon Barth da kamfas ɗinsa da kyamara da rikoda a wuri ɗaya, har tana iya nuna ainihin inda mutum ya tsaya a taswira ko babu sabis. Amma zafi na kashe ta, batir na ƙarewa, a bakin iyaka kuma takan kama layin Nijar ta cinye kuɗi. A tafi da abin caji, a kuma tafi da ƙaramin littafi da fensir. Jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto kuwa a bar shi a gida, domin tashi da shi kusa da iyaka gayyatar jami'an tsaro ce.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kowane maciji. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ƙasar Sabon Birni da Isa, inda Alƙalawa da dajin Gundumi suke, ta sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru, har ya zama dajin da Clapperton ya ratsa a guje saboda mahara ya koma irin halinsa na da bayan shekara 200. A watan Nuwamban 2024 rundunar sojan Nijeriya ta sanar da ɓullar Lakurawa, waɗanda aka fi jin motsinsu a wajen Tangaza da Gudu. Babu takalmi ko tocilar da ke maganin wannan. Maganinsa tambaya, a ranar da za a tafi, daga bakin direbobin tasha da mutanen da suka fito daga can a safiyar. In suka ce a haƙura, a haƙura.

In kuwa hanya ta yi kyau, zangon farko ƙofar hakimi ne ko mai gari, da katin shaida a aljihu da ƙwaryar goro ko abin da ya sawwaƙa. Kufai ba ya rasa mai shi. Gonar wani ce, kuma sau da yawa kaburburan kakannin wani ne, musamman a Ɗagel da Alƙalawa. Mai gari zai haɗa ka da wanda ya san wurin, kuma wannan mutum shi zai nuna maka cewa tudun da kake shirin wucewa nan ne ƙofar birni take, kwarin can kuma marina ce. A biya shi haƙƙinsa, a nemi izininsa kafin a kunna rikoda, a rubuta sunansa da na wanda ya gaya masa labarin, da ranar da aka yi hirar. In ka ga guntun tukunya mai zane ko dutsen niƙa ko kashin maƙera, ka ajiye fensirinka a gefensa don a gane girmansa, ka ɗauki hoto, ka rubuta inda yake, ka bar shi a nan.